Dogara da Birkin Zamani

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta Inugu bayan yaƙi ya san Dogara direba, in ma bai san shi ba to ya san motarsa. Tsohuwar gingimari ce mai bodin katako, ana jin nishinta tun daga Uwani kafin a ga goshinta. Lokacin da rikici ya tashi kowa ya yi arewa da abin da hannunsa zai iya ɗauka, Dogara ya bar ta a bayan gidan wani maƙwabcinsa Ibo, aka lulluɓe ta da ganyen kwakwa. Bayan shekara huɗu ya dawo ya tarar kaji sun mai da kujerar direba akurki, tayoyi duk sun kwanta. Amma da aka sa mata batir aka zuba mai, tari biyu ta yi ta tashi.

Aikinsa ɗaya ne, ɗauko shanu daga arewa ya kawo mayanka. Kuma a da babu falken da ba ya layi a ƙofarsa. Sai kuɗin mai ya zo. Shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wanda jiya yake bin mota a ƙafa ya wayi gari da sabuwar mota fil, fenti na ɗaukar ido. Fatake suka dare ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura mutum guda, Alhaji Bubayero, dattijo marar yawan magana wanda shekara da shekaru bai taɓa ɗora ko ɗan maraƙi a motar wani ba. Lodin Alhaji shi ne tuwon gidan Dogara, shi ne kuma ɗan sauran mutuncin da ya rage masa a tasha. Kullum fargabarsa kada wata rana Alhaji ma ya ɗaga kai ya ga sababbin motocin nan.

A wannan hali ne Allah ya haɗa shi da Sabi'u a Upper Iweka, can Anacha, inda ya je neman taya. Sabi'un nan wankin mota ya yi wa wani kamfanin mai a Fatakwal na wata tara, ya dawo da hular kwano ja da baƙin tabarau, ya ce daga yau a riƙa kiransa Injiniya. Kuma mutane, da yake ba su da aikin yi, suka kira shi. Ya zagaya motar Dogara yana taɓe baki, ya durƙusa ya leƙa bayan taya, ya miƙe yana kaɗe gwiwar da ko ƙasa ba ta taɓa ba.

"Oga Dogara, har yanzu da ganga kake taka birki? Dis wan na ol sistem fa. Turawa sun wuce nan tuntuni, yanzu faifai ake yayi. Kana taɓawa, cak!"

Dogara ya ce, "To ai gangar ba ta taɓa ba ni kunya ba."

"Ba ta ba ka kunya ba, amma ina mutanen? Ka sa faifai ka gani, ranar da labari ya shiga kara wajen masu shanu, su da kansu za su biyo ka."

Nan fa ya taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar a kan sitiyari, ya san kukan kowane ƙarfe a jikin motarsa, sai ga shi ya saki baki yana sauraron mai wankin mota saboda hular kwano.

Faifan kuwa daga jikin wata a-kori-kura aka ciro su, wadda ta yi hatsari a hanyar Fatakwal. Ko makaho ya shafa ya san ba sa'ar gingimari ba ne. Sirara ne, ba su fi farantin cin shinkafa kauri da yawa ba, ga ramukan noti ba su dace ba. Sabi'u ya ce wannan ƙaramin abu ne. Aka kira mai walda, aka huda inda babu huda, aka liƙa ƙarfe inda ya gaza, kwana shida ana feshin wuta a gaban mota. Gangunan gaba guda biyu, waɗanda ƙato ɗaya ba ya iya ɗagawa sai da nishi, aka mirgina su gefe, wata mai tuyar doya ta roƙa aka ba ta, ta yi murhu da su. Da aka gwada motar babu kaya a filin tasha, ta tsaya cak kamar yadda aka yi alkawari, 'yan kallo suka yi tafi. Babu wanda ya ce a gwada da kaya.

Dogara ya koma Inugu yana hura hanci. Ya sa aka rubuta BIRKIN ZAMANI a goshin mota da jan fenti. Matarsa Rakiya ta fito ta duba, ta ce, "Malam, ni dai na ga tsohuwa ce aka yi wa lalle." Bai kula ta ba. A kara ya tara mahauta yana yi musu bayanin faifai da hannu biyu, kamar shi ya ƙera. Alhaji Bubayero ya saurara, ya ce Allah ya sa alheri, ya ba shi lodin bijimai goma sha biyu da za a ɗauko daga arewa, ya haɗa shi da Malam Idi, tsohon makiyayin da ke kwana da tashi a bayan mota yana lura da dabbobi.

Tafiya ta yi kyau har suka dawo Nayin Mail, mahaɗar hanyoyi da ke daf da Inugu. Daga nan sai gangaren Milikin, wanda duk direban da ke shiga Inugu ta arewa yake yi wa bisimilla sau biyu: kwana a kan kwana, hagu dutse, dama rami. Da can Dogara a giya ta ɗaya yake saukarsa, motar na rarrafe masu keke na wuce shi. Ran nan kuwa da rana tsaka, mai birkin zamani ne, ya bar ta a giya ta uku yana taka faifai. Kafin rabin gangare ƙauri ya cika gaban mota, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin tayoyi.

Ya samu ɗan fili ya raɓe. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba yi tun yana saurayi, abin da duk tsofaffin direbobin hanyar ke yi in ganga ta ɗau zafi: ya sauko da jarkar ruwa ya sheƙa. Ganga mai kauri takan yi tsuwa ta yi tururi ta haƙura. Siririn faifan da ya yi jajir da wuta kuwa, ruwa na sauka a kansa sai aka ji ƙas, ƙara ƙarama kamar an taka busasshen kara.

Malam Idi ya leƙo daga sama. "Direba, me ya karye?"

"Ba komai, Malam. Haka na zamani yake yi."

Suka hau. A kwana ta biyu ya taka birki, sitiyari ya hau rawa a hannunsa, wani abu ya fashe a ƙasa, feda ta tafi har ƙasa ba ta dawo ba. A nan dai, a faɗi gaskiya, tsohon Dogara ya farka. Ya danna giya da ƙarfin tsiya, ya ja birkin hannu, ya kwantar da motar a jikin dutse tana gurzar katako har ta tsaya. Ba wanda ya mutu. Amma shanu sun zube a kan juna, biyu sun karye, ɗaya an danne masa wuya yana kakari. Malam Idi ya diro da wuƙa, goshinsa na jini, yana salati, ya yanka ukun a bakin titi tun kafin su zama mushe. Motoci suka yi layi, fasinjoji na leƙe suna karanta rubutun goshin mota da ƙarfi. Dogara ya zauna a kan dutse, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Sabi'u da ya ji labari cewa ya yi laifin direba ne, faifai ba ya son ƙauyanci. Bayan sati ya koma Fatakwal da hularsa.

Kwana uku Dogara ya yi kafin ya iya zuwa kara. Ya tarar da Alhaji Bubayero a rumfarsa, ya cire takalmi ya durƙusa, aka gaisa har da tambayar iyali kamar babu abin da ya faru. Sannan ya fara ba da haƙuri, ya ce wallahi don Alhaji ya yi, don kada a ce shanunsa na yawo a tsohuwar mota.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Dogara, kana tsammani ban ga sababbin motocin ba ne? Kullum suna ƙofata. Gudu suke yi, su kawo min dabba a jigace, wata da karaya. Kai kuwa motarka ba ta iya gudu, shi ya sa shekara da shekaru ba ka taɓa karya min ƙafar sa ba. Abin da nake saye a wurinka ke nan. Ga shi yanzu kai da kanka ka biya kuɗi aka cire shi."

Alhaji ya juya ya kira Malam Idi, ya ce ya je tasha ya nemo wani direban mai tsohuwar mota, lodin Laraba ba zai jira ba.