Kiɗan Jamusawa a Kunnen Kawu

Dangina sun ce abin da ɗana ke yi a Jamus ba kiɗa ba ne, ƙarar injin markaɗe ce, kuma har yau ban yafe musu ba. Karatun injiniya ya kai shi, ya haɗu da wasu Jamusawa uku masu jita da na'urori, ya zama makaɗin gangarsu. Da surutu ya ishe shi sai ya ce, "Umma, in kin je Umra ki kai wa Kawu ya ji. In ya ce shirme ne, na ajiye." Kawu ƙanin mahaifiyata ne, tsohon mawaƙi. Ina budurwa yake haɗa gurmi da jita, daga baya ya jingine su ya koma Makka da zama.

Mun tashi da asuba daga Kano, mu mata biyar, kiɗan yana cikin wayata, wayar tana cikin lalita. Da jirgi ya hau saman gajimare na ga kamar an baje auduga ana jiran masu kaɗi, har barci ya ɗauke ni. Daga Jidda zuwa Makka hanya shimfiɗe take, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, ana ta talbiyya ƙasa-ƙasa. Ban san lokacin da hawaye suka jiƙe mini hijabi ba.

A unguwar Misfala muka sauka. Hausa ce ta ko'ina, amma an cuɗa ta da Larabci, mai shago ya ce miki "ɗayyib, Hajiya, halas." Da safe wake da gurasa mai zafi, riyal kaɗan ya ƙosar da mutum biyu. Wata cikinmu ta yi cinikin dabino kamar ana rabon gado, har mai kayan ya sa mata albarka don ta tafi.

Sai da na gama ibadata na huta kwana biyu, sannan na hau tasi zuwa Ka'akiyya, unguwar da Kawu yake, bayan la'asar. Na tarar da Kawu a ɗaki ɗan ƙarami, gemu fari fat, na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani. Muka gaisa, muka lissafa waɗanda suka rasu. Sannan na ce, "Kawu, ka san kiɗan Jamusawa?"

Ya ce, "Jamus a injin ban-ruwa na san ta. Suna kiɗa ne?"

"Jikanka ke yi musu ganga."

"'Yar nan, ni na daina sauraren waɗannan abubuwa."

Na ce, "Ban ce ka yi rawa ba. Hukunci na zo nema, tun daga Kano."

Ya karɓi abin sauraro na wayar ya sa a kunne ɗaya, na sa ɗayan. Kiɗan babu waƙa. Wata ƙara ce take tasowa kamar iska a bakin rijiya, jita na kuka daga nesa, ganga kuma bugu ɗaya take maimaitawa, ba hawa ba sauka. Kawu ya waiga ya dubi na'urar sanyi, yana zaton ita ce ta lalace. Can ya lumshe ido. Hasken yamma ya faɗo kan darduma, na ji kamar ɗakin ne ke tafiya da mu a hankali. Sai na ga yatsunsa suna taɓa gwiwa.

Ya ce, "Wannan ai lugude ne. Haka iyayenki ke daka, taɓarya uku turmi ɗaya. Wa ya koya wa Turawa?"

Minti goma sha biyu kiɗan ya ɗauka. Da ya ƙare ya cire abin ya ce, "Ki gaya wa ragon nan hannun hagunsa barci yake. Ko akuyata ta fi shi. Ya gyara ya sake aiko mini."

Raina ya ɓaci, na fito ko shayin ban shanye ba. Sai a cikin tasi, muna gangarowa hasumiyar agogon Harami ta bayyana, na tuna abin da ke tsakanin kaka da jika a wurinmu. Zagi ne gaisuwarsu. Da bai so ba, da sai ya ce "Allah ya shirya," ya miƙo mini wayata. Na yi ta dariya ni kaɗai, direba yana satar kallona ta madubi.

Mun dawo Kano lafiya, da zamzam da dabino da kumburin ƙafa. Abin da na koyo shi ne, wanda ya san sana'a yana gane ta ko a hannun baƙo, kuma ni ma saura kaɗan fushi ya sa in kawo saƙo a juye.

Washegari da safe na zauna da waya. Ni da sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya, da yatsa ɗaya nake rubutu, amma ban yarda wani ya rubuta mini ba. Na rubuta wa ɗana: "Kawu ya ce kai rago ne, akuyarsa ta fi ka, ka gyara hagu ka sake aiko masa. Kada ka ajiye." Na tura.