Zamanin da Dewey Bai Gani Ba

Dewey Tackett yana kewar shekarar 1956 kamar yaron da aka yaye da ƙarfi, alhali sai da ta daɗe da wucewa aka haife shi. Aikinsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a wani ƙaramin gari na Tennessee. Ranar Asabar kuwa yakan lafta wa gashinsa mai, ya tayar da shi a goshi kamar zankon zakara, ya rungumi bas, ƙaton gurmin nan mai tsayin mutum, ya tafi kiɗan rokanrol irin na dauri. Duk abin da aka ƙera bayan zamanin, ba ya shiri da shi. Ya taɓa korar mai ganga don ya hau dandali da waya a aljihu.

Labari ne ya ɗaga sunansa fiye da kiɗan. Kafin waƙar ƙarshe yakan sassauta murya ya ce a filin rawa mahaifiyarsa, Orlene, ta haɗu da mahaifinsa, siket yana juyi, duniya tana kwance. Sai ka ga ana share hawaye. Saboda wannan labarin masu shirya bikin tsofaffin motoci suka ba ƙungiyarsa babban dandali, abin da ya daɗe yana nema, da sharaɗin ya kawo tsohuwar a gan ta.

Clovis mai jita ya tambaye shi ko ya taɓa jin labarin daga bakinta. Dewey ya ce ba sai an tambaya ba, ai akwai hotonta cikin faffaɗan siket, tana murmushi.

Ranar biki aka zaunar da ita a tsakiyar dandali. Ya miƙa mata tsohon makirufonsa, wanda yake alfaharin ko numfashi ba ya kuɓuce masa.

"Mama, faɗa musu yadda kuka taka rawa."

"Wace rawa, Dewey? Kakanka ya ce kiɗan Shaiɗan ne, da guduma ya fasa rediyon gidanmu. Ubanka kuwa a wurin mai cire haƙori na gamu da shi, kumatu a kumbure."

Ya tuna mata da hoton, yana yaƙe. Ta ce a masana'anta take ɗinka irin siket ɗin daga safe har yamma, aka ce ta sa ɗaya a ɗauki hoton talla, tana tuɓewa ta koma kan keken ɗinki.

"Mai kewar zamanin nan bai kwana a cikinsa ba. Yaushe za ka gyara min na'urata? Zafi zai kashe ni."

Makirufon bai bar ko kalma ɗaya ba. Clovis ya sunkuya yana gyara tsirkiyar da ba abin da ya same ta.

Ba a sake ba su babban dandali ba. Dewey yana nan yana kiɗa a bayan wani gidan gashin nama, kuma bai bar labarin ba. Yanzu dai gwaggonsa Jewel ce ta yi rawar, ita kuwa ta daɗe a kabari.