Allon Tsuntsu a Gonar Shinkafa

Farkon kaka ne, a wata shekara cikin shekarun da muke Jihar Sakkwato. Ruwa ya sauka daidai, gulbi ya cika ya janye bai ɗauki gonar kowa ba, duk wanda ka gamu da shi a Birnin Kabi fuskarsa a sake take. Ni kuwa murnata ta ninka ta kowa, domin a shekarar na gama ajin yaƙi da jahilci. Ba abin da ke wucewa gabana ban karanta ba: jikin mota, buhun taki, har gwangwanin madara sai na juya shi.

Shinkafarmu ta fadamar Zauro ta fitar da kai, ƙwayar tana da ruwa fari a ciki kamar nono. Ita ce abincinmu na shekara, ba mu da wata. Daidai lokacin nan ne jan-baki ke zuwa, ƙananan tsuntsayen nan da ke tasowa tamkar hadari. In suka sami gona ba mai tsaro, kafin azahar sun tsotse ta sun bar maka ƙaiƙayi. Maigidana kullum yana can kan rumfa tun asuba, yana jan igiyar gwangwanaye har muryarsa ta dishe, ni da babbar ɗiyata muna kai masa abinci.

Kusa da mu akwai gonar gwaji da gwamnati ta ba wasu 'yan ƙasar Sin, mu a lokacin 'yan Caina muke ce musu. Sun yanka ta fili-fili, kowane da ɗan allo a kan sanda. Akwai fili guda da tsuntsu ba ya sauka cikinsa, ko ya sauka ba ya daɗewa. Manoma suka lura, aka yi ta zance. Mu da muka saba a rubuta laya a rataya a gona, ko a binne ta a kusurwa, ba mu sha wahalar fassara ba. Kowa ya ce allon nan hatiminsu ne na korar tsuntsu.

Ana cikin haka aka aiko daga Argungu cewa wan maigidana zai aurar da ɗiya, ana son Malam ya je ya kwana biyu. Ya rasa wanda zai bar wa rumfa. Da yamma yana cin tuwo sai ya dube ni, ya ce tunda yanzu gidan nan akwai malama, in je in kwafo hatimin mutanen nan mu kafa a kusurwoyin gona, ya tafi hankali kwance.

Daɗin da na ji ba ya faɗuwa. Tun da na fara zuwa aji yake tsokanata, wai da furfura za a ba ni aikin ofis. Yau ga shi da bakinsa yana neman rubutuna.

Na je na tsuguna gaban allon na kwafa. Wani ɗan tsini ne a sama, ƙarƙashinsa ƙugiya da ɗigo a ciki, sai wata doguwar lanƙwasa, sai layi guda a kwance. Na zo gida na rubuta shi da tawada a kan gutsattsarin katako, ɗiyata na riƙe mini. Malam ya kafa su, ya ce jibi sai Argungu.

Ana gobe zai tafi, zuciyata ta ƙi kwanciya kan ɗigon nan, ko a cikin ƙugiyar yake ko a bakinta. An ce hatimi in aka kuskure masa ɗigo ɗaya ya lalace. Da la'asar na koma in duba. Ina tsugune sai ga inuwa a kaina. Wata mace ce cikin 'yan Sin ɗin, gajeruwa, da malfa da takalmin roba duk laka. Damina biyu ta yi a fadamar, tana jin Hausa tsinto-tsinto. Na tsorata, na zaci za ta ce na saci asirinsu. Sai ta karɓi takardata ta duba, ta yi murmushi, ta ce hannuna yana da kyau. Ta tambaye ni ko na san abin da na rubuta. Na ce maganin tsuntsu.

"Ba magani, Mama," in ji ta. "Suna. Sunan tsuntsu."

Ta tsinci kara ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana tsuntsu sosai, da baki da ido da fiffike da farata. Ta ce haka kakanninsu na can farko suke sassaƙa shi a kan ƙashi da ƙoƙon bayan kunkuru. Ta zana wani a gefensa, ya miƙe tsaye, ya rage kama da tsuntsu. Ta sake zana wani mai ɗigo huɗu a ƙasa, ta ce wannan ne kakarta ta sani, ɗigon suna wurin ƙafafu da jela. Daga baya hukumarsu ta sauƙaƙa rubutu don talaka ya koya da wuri, aka haɗe ɗigon huɗu suka zama layi guda, shi ne na kan allon. Ashe su ma sun yi nasu yaƙin da jahilci.

Ɗigon da ya hana ni sukuni kuwa, ido ne. Ta goge shi da yatsa, ta ce yanzu ya koma hankaka, domin hankakan ƙasarsu baƙi ne ƙirin, ba a ganin idonsa. Na ce mata namu yana da farar riga a ƙirji, ta yi ta dariya. Ta zana baki a gefen tsuntsun, ta ce kukansa ke nan. Ta ɗora tsuntsun kan dutse, ta ce tsibiri, inda tsuntsu ke hutawa tsakiyar ruwa. Ni dai ina tsugune ina kallo. Baƙaƙen da na koya a aji ba su da ido ba su da ƙafa, ga wani nan yana kallona daga ƙasa.

Can na tuna da gonarmu. Na ce to me ke korar tsuntsu daga filin nan? Ta shiga ta tsinko kan shinkafa guda ta sa mini a hannu. Kowace ƙwaya da dogon gashi mai tsini. Ta ce iri ne suke gwadawa, gashin ke sukar tsuntsu a fuska, shi ya sa suka rubuta sunansa a allon don su gane filin. Tamu kuwa ba ta da gashi ko ɗaya.

Ban san sa'ad da na iso gida ba. Na tarar Malam ya ɗaure kayansa, ya goge takalmi. Na rasa ta inda zan fara, ga labarin ƙashi da kunkuru na cina a baki, ga batun gona. Na fara da kunkurun. Ya katse ni.

"Ke, mi kinka gano? Hatimin ya ɓaci?"

"Malam, ba hatimi ba ne. Sunan tsuntsayen munka rubuta munka kafa musu."

Da ya ji 'yar Sin ce ta gaya mini, ya ce ai ba mai ba baƙo asirinsa, matar ta rufe ni ne. Ban yi gardama ba, na miƙa masa kan shinkafar. Ya murza shi a tafinsa, tsinin ya soke shi, ya yi tsaki ya duba da kyau. Manomi ne, hannunsa ya gaya masa abin da bakina ya kasa. Sannan ya ce, wato mun yi wa ɓarayi allon maraba. Ɗiyata ta fashe da dariya, shi ma ya biye mata.

Zumunci ba ya barin mutum ya ƙi zuwa auren ɗiyar wansa. Muka yanke ya je a ɗaura aure ya juyo a ranar, ni in hau rumfa. Kan shinkafar kuwa ya ce in adana, baɗi za mu nemi irin.

Washegari ina sallame sallar asuba na ƙulle kan shinkafar a tsumma na sa cikin tulu, na goya ƙaramin ɗana, muka kama hanyar fadama ni da ɗiyata. Gari na wayewa na hango wani jan-baki zaune kan allon da na rubuta, yana gyaran fiffike. Na tsaya na dube shi, na dubi ɗigon da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Sannan na hau rumfa, na naɗe igiyar gwangwanaye a hannu, na ja ta da ƙarfina duka.