Nonon Yayata da Tururuwar Giwa Tazo

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da wani abokin karatuna, ɗauke da kular zuba ƙanƙara da ƴan kwalaben ɗibar jini. A jami'a muna karatun cututtukan da ake gado ta ƙwayoyin halitta, ni kuma aikina na ƙarshe a kan sikila ne. Amma ba don maki na fito ba. Yayata da ke aure a Giwa Tazo ta binne ƴaƴa uku, na huɗun kuma, da bai kai shekara ba, yana kwance hannu da ƙafa a kumbure.

A Aliero albasa ta yi arha, direba ya danƙara mana buhuna har cinya, muka yi ta hawaye ba a yi mana mutuwa ba. A Jega muka ci waina, muka sayi ƙanƙara da tsadar da ta sa na yi wa mai ita Allah ya isa a zuci. An ba mu sabuwar jiha, amma daga Maiyama zuwa ƙauyen hanyar tana nan yadda na san ta.

Na tarar an cire yaron daga nono. Wai an tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, ta mutu, aka ce nonon ne ke kashe ƴaƴan. Kunu ake ɗura masa, duk ya zube. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zauna na yi bayani cewa ciwon a jini yake, rabi daga uwa rabi daga uba. Mijin ya miƙo hannu na ɗibi jini, bai yi musu ba, na ɗibi na yayata ma. Uwar mijin kuwa ta ce, "Ɗana, ku yi bokonku. Mu da idonmu munka gani."

Da za mu tafi yayata ta rako ni bayan rumbu. Na ce ta riƙa ba yaron nono a ɓoye, babu abin da zai yi masa sai alheri. Sai ta ce:

"Auta, ka makara. Ya ƙahe tun wancan sati."

Mun iso Sakkwato da la'asar, ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba. Gwaji ya nuna abin da na faɗa, su biyun duk suna ɗauke da shi. Abin da tafiyar ta koya mini mai ɗaci ne. Na san daidai gurbin da cutar take a ƙwayar halitta, zan iya zana shi a allo ido rufe, amma ina aji ina haddace shi lokacin da ake yaye ɗan yayata da yunwa.