Ranar da Mama ta ɗora 'yata a bayan Ladi

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar Mama Rifkatu, uwar maigidana. Mutane in sun tuna ta, dariyarta suke faɗi da kunun gyaɗarta. Ni kuwa abin da ke fara zuwa mini shi ne wani tsoro da ta jefa ni ciki, wanda na yi shekaru ina kwana da shi.

Lokacin ana ta cewa ƙasa ta samu mai, jirgin ƙasa yana sauke baƙi a Gombe. Cocinmu ginin laka ne da sabon rufin kwano. Tangale, Waja, Tera da mutanen kudu ma'aikatan reluwe, duk da Hausa muke sujada, kowa da irin tasa. Muna da wata al'ada: in zumuntar mata za su tashi waƙa, mai goyo takan sauke ɗanta ta ba matar da ke kusa da ita a benci. Ba a zaɓe, ba a tambaya. Haka 'ya'yanmu suka tashi sun san bayan kowace mace a ikilisiya.

Sai Ladi ta zo. An sallamo ta daga zangon kutare, likitoci sun ce ta warke, amma ciwon ya riga ya cinye mata yatsu. Fasto ya gabatar da ita, muka yi mata waƙar maraba har da tafi. Daga nan duk bencin da ta zauna, sai ka ga mata suna matsawa a hankali, wai zafi ake yi. Ba wanda ya gaya mata baƙar magana. Ita da kanta ta koma zama a bakin ƙofa.

Wata Lahadi na makara, ga 'yar farina Hannatu a baya, ko zama ba ta fara ba. Babu wuri sai kusa da Ladi. Aka kira zumuntar mata waƙa, ni ce kuma mai buga tulu, ba damar in ƙi tashi. Na kwance goyo, na tsaya riƙe da yarinya ina duban bencin gaba, ko wata za ta miƙo hannu. Kowa ya sunkuyar da kai. Ladi ta ɓoye hannuwanta cikin gyale.

Mama ta taso daga gaba ta karɓi Hannatu. Har na fara sakin numfashi, sai na ji ta ce wa Ladi, "Sunkuya, 'yata. Ni bayana ya tsufa." Ta ɗora mata yarinyar, ta ɗaura zanin da kanta, don yatsun Ladi ba sa iya ƙulli. Har yau ban san abin da na buga a tulun nan ba. Idona yana kan Hannatu, kumatunta a wuyan Ladi, tana tsotsar bakin gyale.

A gida na dirje yarinyar da sabulun salo har ta shiɗe da kuka. Maigidana ya yi wa uwarsa ƙorafi, ta amsa masa cewa in za mu yi wa mace maraba da baki mu hana ta da hannu, gara mu ce mata ta tafi kawai. Daga ranar ta mai da wurin zamanta kusa da Ladi, mata suka fara matsowa ɗaya bayan ɗaya.

Amma kuturta ba ta nuna kanta da wuri. Ko cizon sauro na gani sai gabana ya faɗi. Hannatu ta shiga firamare, sai ga wani tabo fari-fari a kafaɗarta. Mama ta ce kafin asibiti mu biya wurin Ladi a unguwar Kagarawal. Ladi ta duba, ta ce tabon wannan ciwo ba ya jin taɓi, a karyo tsinken tsintsiya a tsikara, kada yarinyar ta gani. Na kasa tsikarawa, Mama ta karɓe tsinken. Hannatu ta yi tsalle ta ƙwalla ihu. Ladi ta zube ƙasa tana kuka, ta ce tun waccan Lahadin take roƙon Ubangiji kada a samu komai a jikin yarinyar. A asibiti suka ce ƙyasbi ne.

Yau cocinmu ya zama ƙaton gini, kowa da kujerarsa, jaka a gefe. Baƙo yakan tashi a tafa masa, a ba shi lemo mai sanyi. Kwanan nan wata gwauruwa ramammiya mai tari ta fara zuwa, kujerun gefenta kullum babu kowa. Da Mama na nan, na san inda za ta zauna.

Na daɗe ina ɗaukarta marar tsoro. Sai a ciwon ajalinta, ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta ce mini, "Maman Hannatu, kina tsammani ban ji tsoro ba? Duk wankan da na yi wa yarinyar nan, fatarta nake dubawa."

Abin da ta bar mini ke nan. Yanzu kusa da mai tarin nake zama, gabana yana faɗuwa har a tashi sujada.