Ranar da Na Tsallaka Titi Cikin Zana

A tsohon garinmu, kafin ruwan madatsa ya cinye shi, mace kan zaga unguwa kaf ba namijin da ya ga ƙeyarta. Kowace danga da kafarta ta baya. In na sunkuya sai gidan maƙwabta, daga nan na gaba, har ɗakin Inna mahaifiyata. Sunanmu matan kulle, amma muna zumuncinmu.

A shekarun fari aka tashe mu. Ma'auna suka zo da igiya, suka yanka sabon gari layi-layi, tituna miƙaƙƙu masu faɗi, ba lungu ko ɗaya. Gidanmu ya faɗo wannan hannu, na Inna a tsallake. Rumfar mai unguwa kuwa aka kafa ta a bakin layin, inda ko kaza ta gifta sai an gani. Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, aka ba ni rula, na gane wanda ya ja layin nan bai taɓa tambayar ta ina mata ke bi ba.

Maigidana zai tafi cirani Kano ya ce, in aka gan ni a titi, a bakin aurena.

Ran nan da hantsi tsohuwa mai yi mana kitso ta shigo. "'Yar nan, Innarki tun jiya ko ruwa ta ƙi karɓa. Ke take kira."

Na leƙa ta zaure. Maza cike da rumfa, ba aikin gona, idanu duk a kan titi. Na koma ciki, na dawo, na sake komawa. Can na kwance zanar da ta kare madafa, na kewaye jikina da ita, na riƙe ta ciki na fita. Ba na ganin komai sai yatsun ƙafata.

"Innalillahi! Jama'a, danga na tafiya!"

"Aljanun dam ne suka biyo mu!"

Suna dariya, ni kuwa ina ta tafiyata. Sai na ji takun takalmi ya nufo ni, da muryar mai unguwa: "Ke! Wace ce a ciki?"

Da ƙyar na ce, "Baba, ina cikin gida. Mai son shigowa ya yi sallama."

Takun ya tsaya. Ban jira ba, na ja zanata.

Na tarar da Inna ta zama ƙashi da fata. Na ɗaga kanta, ta karɓi kunu a hannuna, ta ce, "Ta ina kika biyo?"

"Ta kafa, Inna."

Da maigidan ya dawo, tun a rumfa suka tare shi da labari. Ya ce a cikinsu wa ya gan ni? Aka rasa ko ɗaya. Ya shigo ya daɗe yana kallon zanar, sannan ya ce in zuba masa ruwa a buta.