Gonata a Kan Ƙusa

Taubashina tsohon tica ne, zane ya koyar a makarantar mishan har ya yi ritaya. Ni daga aji huɗu na sauka, amma na san akuya in na gan ta. Shi kuwa ya taɓa zana dutsen Kagoro, na zaga hoton sau uku ina cigiyar dutsen.

Bayan an ƙone ƙauyenmu muka dawo Kafanchan, ni da matata da jikoki biyu, ɗaki ɗaya. Yaran suka fara manta gida. Ƙaramar har ta tambaye ni ko citta a bishiya take fitowa. Ranar na tafi wurin taubashin nawa.

"Tica, zana mini gonata yaran nan su san ta. Amma ka sa hankali, ban da haukan nan naka."

"Jahilin Allah," in ji shi, "ni ba na zana wuri sai da ƙasarsa. Je ka ɗebo."

Na hau acaɓa zuwa ƙauyen da tsakar rana, da muka isa ɗan acaɓan ya ƙi kashe inji. Na ɗebi jar ƙasa daga kunyar citta, da yumɓun bakin rafi, da toka daga inda rumbuna yake a da. Leda uku. Ban tsaya ko addu'a ba.

Ya daka su a turmin matarsa, ya tankaɗe, ya kwaɓa da ƙaro. Bayan sati biyu ya kira ni in ga zanen. Ja a ƙasa, rawaya ta ratsa shi a karkace, sama kuma toka ce ta danne komai.

"Yawwa! Sannu da aiki, Farfesa. Ina gidan? Ina ɗorawar? Ina rumbun?"

Bai yi dariya ba. "Da ka je, ka gan su?"

Na saɓa abina na fito.

Yana nan rataye bisa gadonmu. In damina ta kama, ɗakin ya yi sanyi, sai ya riƙa ƙamshin gonar. Nakan ɗaga ƙaramar ta shinshina, in ce mata nan ake shuka citta. Sai dai ƙaron Farfesa bai yi ƙarfi ba, kullum ƙasar tana zubowa kaɗan kaɗan. Na kafa doka a gidan: wanda ya share wajen nan, ni da shi. Da cokali nake tattarawa, ina zubawa a gwangwanin madara. Ya kusa rabi.